Idon da Bai Ga Daji Ba: Sharhi a kan Fim ɗin Der Waldmacher

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma sau da yawa abin da mutum ya riga ya ji shi ke zaɓa masa abin da zai gani. Wannan shi ne darasin da ke cikin Der Waldmacher, watau Mai Yin Daji, fim ɗin da Bajamushe Volker Schlöndorff ya yi a kan Tony Rinaudo, wanda aka fara nunawa a sinimomin Jamus a 2022.

Rinaudo mutumin Ostareliya ne, ya yi aikin dashen itatuwa a jihar Maraɗi, dashen kuwa ya yi ta mutuwa. A 1983 ya tsaya a kan hanya don ya rage iskar tayar motarsa, sai ya dubi ƴan tsire-tsiren da ya saba wucewa, ya gane tohon kututture ne mai saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. Bai ga wannan ba tun da fari saboda ya zo da yaƙinin cewa hamada ta cinye komai. Manomin Gangara ko na Gidan Runji shi ma yana da nasa yaƙinin: gona tsaf ita ce shaidar manomin ƙwarai, don haka kalgo da sabara sai sassabe da wuta.

Masana halayyar ɗan Adam suna kiran wannan karkatar tunani. Amos Tversky da Daniel Kahneman sun bayyana a 1974 yadda ƙwaƙwalwa ke yanke hukunci ta gajeriyar hanya. Ɗaya daga cikin irin waɗannan karkata ita ce mutum ya riƙe hujjar da ta dace da ra'ayinsa, ya kau da kai daga wadda ta saɓa. Ita ce ta sa duniya ta ci gaba da kukan kwararowar hamada, har sai da Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan sama na 1975 da na bayan 2000. An ƙiyasta cewa itatuwa kimanin miliyan 200 sun farfaɗo a hekta miliyan 5 na gonakin Nijar.

A nan fim ɗin ya yi abin yabo. Sai dai sunansa ya faɗa wani ramin, watau ɗora babban al'amari a kan gwarzo guda, domin labarin mutum ɗaya ya fi zama a zuciya bisa ga na dubbai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Manoma sun san amfanin gawo tun kaka da kakanni. Mutanen Ɗan Saga, a ƙasar Agiye, sun kafa kwamitin tsaron itatuwansu. Sassaben zamani bai bazu ba sai da manomi ya daina tsoron tarar ma'aikatan gandun daji, ya tabbata icen da ya raya nasa ne.

Illar wannan kuskure ba ƙarama ba ce: yaron da ya tashi da imanin cewa dabara daga waje take zuwa zai zauna jiran baƙo. Ya kyautu malamai da ƙungiyoyin al'adu su nuna fim ɗin, sa'an nan su kai ɗalibai gona, a ƙirga kututturen da ke toho, a tambayi tsofaffi wane ne ya fara barinsu.