Aikatau « energize » da matsalar fassara ta hanyar Faransanci

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala muna so mu duba wata al'ada da ta zama jiki ga masu fassara a Nijar: idan sun tarar da aikatau na Ingilishi « energize », sai su bi ta Faransanci su ɗauko « dynamiser », daga nan su sauka kan « ƙarfafa ». A ganinmu wannan hanya tana ɓatar da ma'ana.

2. Asalin kalmar

Kalmar ta bayyana a Ingilishi a tsakiyar ƙarni na 18, daga suna « energy » da ɗafa-ƙeya « -ize ». Tushenta Girkanci ne: « en », wato cikin, da « ergon », wato aiki. Aristo ya yi amfani da « energeia » don abin da yake cikin aiki, ya bambanta shi da « dunamis », iyawar da take kwance ba ta motsa ba. Ma'anar kimiyya ta zo daga baya, musamman bayan laccocin Thomas Young da aka buga a 1807. Abin lura shi ne, « dynamiser » daga « dunamis » ta fito. Asali ba ya yanke hukunci a kan ma'anar yau, amma yana nuna mana inda hanya ta rabu.

3. Suka

Hausa ma tana rarrabewa. Ƙarfi abu ne da ake da shi ko ana barci; kuzari kuwa sai cikin motsi ake ganin sa. Ƙato yana iya zama mai ƙarfi amma marar kuzari. Saboda haka muna ba da shawarar a bi muhallin magana:

a) abinci ko hutu: fura ta sa masa kuzari;
b) jawabi ko kiɗa: makaɗi ya zaburar da manoma;
c) lantarki: an saki wuta a layi.

A misali na uku kuskure yana da tsada. Bafaranshe yana cewa « mettre sous tension ». In aka fassara gargaɗin « energized wire » da « waya mai ƙarfi », mai karatu zai fahimci waya mai ƙwari wadda ba ta tsinkewa, ya kai hannu. Abin da ake nufi shi ne waya mai wuta.

4. Kammalawa

Faransanci gada ce mai amfani, amma ya kamata ɗalibanmu su riƙa auna jimlar Ingilishi da ta Hausa kai tsaye kafin su tsayar da kalma.