Tsaka-tsakin Buda a Ma'aunin Tafkin Kainji

Manufar wannan maƙala ita ce a yi nazarin wani babi na littafin Small is Beautiful, wanda masanin tattalin arziki E. F. Schumacher ya wallafa a 1973, a kuma auna shi da rayuwar masuntan ƙasar Yawuri.

Schumacher ya yi aiki a ƙasar Bama a 1955, inda ya ga zaman mabiya Buda. Koyarwar Buda, wadda ta tsiro a arewacin Indiya fiye da shekara 2,000 da suka wuce, ta yi horo da bin tsaka-tsaki, watau kada mutum ya dulmuya cikin jin daɗi, kada kuma ya azabtar da jikinsa. A kan wannan ne marubucin ya kafa hujjarsa, cewa al'ummar da ke biyan bukatunta da kaɗan ta fi samun zaman lafiya, domin ba ta da dalilin wawaso. Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne ga Bahaushe, wanda ya san ƙana'a, ya kuma ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

To, amma tafkin Kainji ya nuna iyakar hujjar. Da aka kammala madatsar ruwa a 1968, an tashi fiye da mutum 40,000 daga garuruwansu, har da Gungawa mazauna tsibirai. Kifi ya yi albarka a farkon shekarun 1970, masunta suka yi ta kwararowa, kafin ƙarshen shekarun kuwa kamu ya ragu ainun. Daga bisani ƙaton taru mai ƙananan idanu, wanda ake ja zuwa gaɓa, ya yawaita, yana kwashe har 'ya'yan kifi.

A nan ne raunin babin ya bayyana. Schumacher ya fi mai da hankali ga gyaran zuciya. Alhali idan masunci guda a Wara ko Ngaski ya yi ƙana'a ya naɗe tarunsa, kifin da ya bari maƙwabcinsa ne zai kwashe shi kafin asuba. Ƙana'ar mutum ɗaya ba ta raya tafki. Shi ya sa a ƙarshen shekarun 1990 sai da hukuma ta haramta wannan taru, aka kuma nemi hannun sarakuna da shugabannin masunta wajen tsare dokar. Bugu da ƙari, su na cikin sana'o'in da koyarwar Buda ta ƙyamata, saboda kisan mai rai, ga shi kuwa da shi dubban gidaje ke ci a bakin tafkin.

A taƙaice, Schumacher ya gano ciwo, amma rabin magani ya bayar. Tsaka-tsaki ba ya zama ginshiƙin zaman jama'a sai ya tashi daga halin mutum ya koma ƙa'idar da ta hau kan kowa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.