Jinjina ga Masu Rufin Haikalin Kiyomizu

Wanda ya je haikalin Kiyomizu da ke Kiyoto a ƙasar Japan tsakanin 2017 da 2020 bai samu hoton da ya yi tattaki dominsa ba. Ya tarar da babban zauren lulluɓe da katakan hawa, ana sauya masa rufi bayan kusan shekara 50. Amma ba a rufe ƙofa ba. Baƙi na shiga, aiki na tafiya.

Masu wannan aiki sun cancanci jinjina. Da ɓawon itacen hinoki suke rufin, suna jera shi falle-falle, su kafe da ƙusoshin gora. Gwani kan cika bakinsa da ƙusoshin, yana zaro su ɗaya-ɗaya yana bugawa, hannu bai tsaya ba. Masu ɓare ɓawon kuma ba sa kashe itacen, sukan bar shi ya sake yin wani.

Irin waɗannan hannaye ne suka riƙe ginin nan tun 1633, kuma a 2020 UNESCO ta sanya sana'arsu cikin gadon al'adun duniya. Duk wanda ya tarar da gyara a can, ya tsaya ya kalla, domin ba kullum ake ganinsa ba.