Sarauniyar Lugu da harshen da aka ara mata

Littafin Sarraounia na Abdullahi Mamani ya fito a Paris a 1980, cikin Faransanci. Marubucin ɗan jam'iyyar Sawaba ne, wadda ta karkata ga ra'ayin gurguzu, aka kuma haramta ta a 1959. Ya yi zaman gudun hijira, ya dawo bayan faɗuwar Diori Hamani a 1974, sa'an nan ya ɗanɗana gidan kaso a zamanin Kunce. Daga wannan tarihi ya ɗauki labarin Sarauniyar Aznan Lugu, a ƙasar Arewa, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya mai da ita tutar ƙin mulkin mallaka.

Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya juya littafin zuwa silima a 1986. A Burkina Faso ta Thomas Sankara aka ɗauki hoton, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, aikin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Kyawonsa ba abin musu ba ne: an nuna yadda zalunci ya cinye sojojin Faransa daga cikinsu, har bindigar da suka ɗora wa talakawa ta juyo kansu.

Sai dai ga mai nazarin harshe akwai babban giɓi. Sarauniya Bahausa ce, amma a majigi da harshen Jula take magana. Kirari, da take, da roƙon iskoki, waɗanda su ne ginshiƙin ikonta, duk an sāke musu riga sau biyu: daga Hausar Arewa zuwa Faransanci, daga Faransanci zuwa Jula. Manufar haɗa kan Afirka ta sami jaruma, mutanen Lugu kuwa sun rasa muryarsu.

Ƙasar Kurfai ta ba da misali na daban. Wajen 1925, a yankin Filinge, wata mace mai suna Shibo da mabiyanta suka fara hawan iskokin da aka sani da Babule ko Hauka, irin su Gwamna da Kwamanda Mugu. Suna faretin soja, suna ba da umarni da gurɓataccen Faransanci. A nan talaka ne ya ƙwace harshen mai iko ya yi wasa da shi, shi ya sa hukumar mallaka ta kama su ta tsare. A cikin silimar kuwa, harshen talaka ne aka ajiye gefe, ko da yake da kyakkyawar niyya.

Wannan batu ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci kai tsaye. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Amma a wuri kamar Imanan, inda Hausa da Zabarmanci da Tamashek ke cuɗanya a kasuwar Bonkuku, ɗaukaka harshe ɗaya na iya maimaita kuskuren nan: a yi magana a madadin mutane da bakin da ba nasu ba.

Abin da ya kamata shi ne a naɗi labarin Sarauniya da na Babule daga bakin tsofaffin Arewa da Kurfai, a rubuta shi da karin harshensu, a fassara shi zuwa Zabarmanci da Tamashek, kafin a shigar da shi littattafan karatu.