Kufai ta Tagar Mota: Nazarin Yawon Ja-gora a Ƙasar Ayilan

Da hantsi, a kowace rana ta lokacin zafi, manyan motocin safa kan yi layi a ƙofar otal-otal na garin Killarney da ke kudu maso yammacin Ayilan. Akasarin fasinjojin dattawa ne, da yawansu daga Amurka, kowa da rigar ruwa a jaka domin sararin samaniyar ƙasar nan ba shi da alkawari. Direba ya ƙirga kawuna, ya gyara makirufo daidai bakinsa, ya ɗauki hanyar Killorglin. Zagayen da ake kira Zoben Kerry ke nan, kilomita 179, kuma manyan motocin duk fuska ɗaya suke bi, saboda akwai kwanonin da biyu ba za su iya gilma wa juna ba. Za a tsaya a ga karen kiwo yana tattaro tumaki da fiton ubangidansa, a tsaya a ci abinci, a tsaya a ɗauki hoton teku. Kafin magariba an dawo masauki.

Wanda ya biya kuɗin wannan tafiya yakan zaci tsauni da teku ya zo gani. A ganina, abin da ya saya shi ne bakin mutumin da ke gaban mota. Tsauni ba ya magana. Abin da ja-gora ya faɗa a kansa shi baƙo zai ƙulla a bakin zani ya kai gida, kuma abin da ya tsallake ya tsallaku ke nan, domin mutum arba'in da ke bayansa ba su da wata kafa ta sani. Wannan iko ne babba, kuma da shi ya kamata a auna sana'ar.

Sana'ar tsohuwa ce. Jirgin ƙasa ya iso Killarney a 1853, a 1861 kuma Sarauniya Victoria ta kawo ziyara, har yau akwai wata mahanga a saman tafkunan garin da ke ɗauke da sunan matan da suka rako ta. Tun a wancan zamani masu keken doki suke kai baƙi cikin kwazazzabai suna zuba musu labari, kuma har gobe ana hawa waɗannan kekuna. Amma a dubi shekarar da kyau. 1853 shekara ɗaya ce kacal bayan ƙarshen abin da mutanen ƙasar ke kira Babbar Yunwa. Daga 1845 zuwa 1852 wata cuta ta riƙa ruɓar da dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talaka safe da dare, alhali hatsi da dabbobi na ci gaba da fita daga tashoshin jiragen ruwa zuwa Ingila. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka yi hijira. Tsibirin da ƙidayar 1841 ta ba shi mutum sama da miliyan takwas, har yau bai mayar da wannan adadi ba. Wato baƙin da jirgin ƙasa ya fara kawowa su yaba shirun yammacin Ayilan, ƙasar kaburbura ba ta gama kwantawa ba lokacin da suka iso.

Bahaushe ya san kufai. Idan ya ga kukoki sun yi cincirindo a fili babu gida ko ɗaya, ba sai an gaya masa da can gari ne ba. Yammacin Ayilan cike yake da irin wannan alama, sai dai idon baƙo bai san ta ba. Idan rana ta karkata da yamma, haskenta ya kwanta a gefen tudu a Mayo ko Connemara, sai ka ga wasu layuka sun fito a ƙarƙashin ciyawa, a jere daga sama zuwa ƙasa kamar haƙarƙari. Kunyoyin dankali ne. Wani magidanci ne ya ɗaga su da shebur, ya ɗauko ciyawar teku a baya ya yi musu taki, a wurin da yau ko tunkiya sai ta yi da gaske take hawa. Babu wanda ya dawo ya baje su. A tsibirin Achill, a gindin dutsen Slievemore, gidajen dutse kusan tamanin na tsaye a jere ba rufi. Mota kan wuce irin waɗannan wurare cikin ƙiftawar ido. Ja-gora yana iya cewa a dubi kyan launin kore, yana kuma iya rage gudu ya ce a dubi layukan nan. Duka biyun gaskiya ya faɗa, amma fasinjojinsu ba ƙasa ɗaya suka gani ba.

Hoton Ayilan da ake tallatawa ba daga sama ya faɗo ba, ƙera shi aka yi. Fim ɗin The Quiet Man na 1952, wanda John Ford ya shirya a ƙauyen Cong, ya cusa wa Amurkawa siffar ƙasa mai bukkoki farare da mutane masu raha. Katunan hoto na John Hinde sun biyo baya da launuka masu ƙyalli, yara masu jan gashi da jaki ɗauke da kwanduna. A 1963 aka fara liyafar dare a fadar Bunratty, kusa da filin jirgin saman Shannon, inda ake yi wa baƙi shigar mutanen da, ana yi musu kiɗa. Ba na ganin laifin waɗanda suka yi wannan. Ƙasa ce da 'ya'yanta ke barin ta dubu-dubu a shekarun 1950 don rashin aikin yi, ta duba abin da ke hannunta ta kai kasuwa. Illar ita ce, hoton ya daskare. Baƙo ya zo yana neman jakin, ja-gora kuma ya san idan ya nuna masa masana'antar magunguna ko ofisoshin kamfanonin intanet da suka cika Dublin, ransa ba zai so ba.

Sai batun labari. Mutanen Ayilan na da tsohuwar al'adar mai ba da labari, wanda suke kira seanchaí, dattijon da ake taruwa a gidansa a daren hunturu a bakin murhu. A 1935 gwamnati ta kafa hukuma ta musamman da ta bi ƙauyuka tana ɗaukar abin da ya rage a bakin irin waɗannan tsofaffi. Direban mota mai makirufo jikansu ne, ko ya sani ko bai sani ba, kuma wannan gado shi ne gishirin tafiyar. A gaɓar arewa, inda ginshiƙan baƙin dutse kusan dubu arba'in suka jeru kamar an dasa su da hannu, zai gaya maka wani ƙato mai suna Finn McCool ne ya shimfiɗa su don ya haye Sikotilan ya yi faɗa, sannan ya gaya maka aman wuta ne ya huce ya tsattsage. Babu wanda ya ruɗe, kowa ya san wanne ne wanne. Haka ma a fadar Blarney, inda mutum ke kwanciya rigingine ya leƙa da kai ƙasa ya sumbaci dutse wai don ya samu fasahar magana.

Inda nake da ja shi ne idan aka zo tarihi da wannan murya. Tatsuniyarmu tana da ƙofa, ana cewa ga ta nan ga ta nanku kafin a shiga, a rufe da ƙurunƙus. Labarin cikin mota ba shi da wannan ƙofa. Misali, tabbas ne Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya, Abdulmajid, ya aika da fam dubu ɗaya gudummawa a 1847. Amma a baki labarin ya yi reshe: wai fam dubu goma ya yi niyya aka hana shi don kada ya zarce fam dubu biyu na Victoria, wai kuma ya turo jiragen hatsi a ɓoye zuwa Drogheda. Masana tarihi na jayayya a kan waɗannan rassa, amma sun fi daɗin faɗa, don haka su suka fi yawo. Kyautar sarkin ta isa abin yabo yadda take. Ja-goran kirki zai faɗi duka, ya kuma nuna inda takarda ta tsaya, baki ya ɗora.

Dole kuma a yi wa fasinjojin adalci. Fiye da mutum miliyan talatin a Amurka na danganta asalinsu da Ayilan. Tsohuwar da ke zaune a kujerar taga da sunan wani ƙauye rubuce a takarda ba shaƙatawa kaɗai ta kawo ta ba, kufan kakanninta take nema. A tashar Cobh, inda kimanin mutum miliyan biyu da rabi suka hau jirgi tsakanin 1848 da 1950, ba abin mamaki ba ne ka ga mai furfura yana share hawaye. Mutum irin wannan zai iya ɗaukar gaskiya komai ɗacinta, ita ma ya zo nema. Raina shi ne a ɗauka raha da kiɗan goge kawai yake so.

Wuraren da sana'ar ta fi nuna darajarta su ne waɗanda ba a fahimtar su sosai sai da ja-gora. A kurkukun Kilmainham da ke Dublin, akan kai mutane wani tsakar gida mai dogayen bangaye, a gaya musu nan aka harbe goma sha huɗu daga jagororin boren 1916, ciki har da James Connolly wanda rauni ya hana shi tsayuwa aka ɗaure shi a kujera. A Belfast kuwa direbobin baƙaƙen tasi ne ke zagayawa da baƙi titin Falls da titin Shankill, su nuna zanen bango da katangar da har yanzu ke raba unguwannin Katolika da na Furotesta. Rikicin da ya raba unguwannin nan ya ci rayuka kimanin 3,500 kafin yarjejeniyar sulhu ta 1998, kuma da yawan direbobin a cikinsa suka girma. A nan ba wanda ke da'awar ba shi da ɓangare. Na fi amincewa da wanda zai ce ga unguwar da aka haife ni, ga yadda muka gan shi, ka je ka ji na wancan gefen.

Babban abokin gaban ja-gora agogo ne. Gaɓar Moher, mai tsayin mita 214, kan karɓi baƙi fiye da miliyan ɗaya da rabi a shekara mai albarka, da yawa daga Dublin suke tasowa da asuba su koma da dare, ƙauyukan hanya ba sa samun komai sai hayaƙi. Hanyar gaɓar Atilantika mai kimanin kilomita 2,500 da aka ƙaddamar a 2014 yunƙuri ne na warwatsa wannan cunkoso. Harshen ƙasar na asali kuwa, wanda har yanzu ake yi a wasu lunguna na yamma, galibi a allon hanya baƙo ke ganinsa ya wuce.

A Mayo akwai wani kwari da ake kira Doolough, baƙin tafki tsakanin tsaunuka, hanya siririya na bin bakinsa. A ƙarshen watan Maris na 1849, ɗaruruwan mayunwata sun taru a Louisburgh don jami'ai su duba su a ci gaba da ba su tallafi. Jami'an suka wuce wani gidan shaƙatawa na Delphi, aka ce mutanen su same su can da sassafe. Suka taka kusan kilomita ashirin cikin dare da sanyi. Bayan haka an tsinci gawarwaki a bakin hanya, har da mata da yara, wasu kuma ba su taɓa isa gida ba. Yau ɗan gicciyen dutse ne a wurin, da sarari da bai fi na mota ɗaya ko biyu ba. Ja-goran da ya san aikinsa yakan kashe inji a nan, ya faɗi labarin a taƙaice ba tare da makirufo ba, ya buɗe ƙofa. Mutane su sauko ɗaya bayan ɗaya, iska na kaɗa rigunansu na ruwa, su tsaya suna duban hanyar da ta miƙe ta nufi Delphi.