Jinjina ga Masu Ɗaukar Bidiyon Waƙa a Kafanchan

Duk wanda ya kalli bidiyon waƙar zumuntar mata daga Kafanchan ya san akwai gwani a bayan kyamara. Kuɗin aikin bai taka kara ya karya ba, amma samarin nan sun san ƙasarsu. Sukan jira hasken la'asar ya sauka kan Dutsen Kagoro kafin su jera mata cikin anko. Da an buga tulu, hoto ya sauya. Mai ba da waƙa ta ja murya da harshen Tyap ko Jju, kyamara ta matso har ka ga gumin goshinta. Ni dai a magangarar ruwa ta Matsirga suka fi burge ni: sai su rage gudun hoton, ruwa na gangarowa sannu a hankali, mata na amshi.