Gādon James Baldwin: Magada Biyu, Ɗaki Ɗaya

An haifi James Baldwin a unguwar Harlem ta birnin New York a 1924, ya koma Faris a 1948, ya rasu a kudancin Faransa a 1987. Ya bar wa adabi gādo mai yawa, amma magadansa sun raba shi gida biyu, kuma wannan rabon ne matsalar da wannan nazari ke son dubawa.

Rukuni na farko sun gaji Baldwin mai fafutukar 'yancin baƙar fata. Littafinsa The Fire Next Time na 1963 ya buɗe da wasiƙa zuwa ga ɗan ɗan'uwansa. Wannan zubi Ta-Nehisi Coates ya ara a 2015, inda ya tsara Between the World and Me a matsayin wasiƙa ga ɗansa. Coates ya ɗauki kaifin harshen da zafin hujja, sai dai bai taɓa ɗaya ɓangaren ba.

Rukuni na biyu sun gaji marubucin Giovanni's Room, ƙagaggen labarin da kamfanin Knopf ya ƙi bugawa, har Dial Press ya fitar da shi a 1956. Tauraron labarin, David, Ba'amurke ne da ya ƙaunaci Giovanni a Faris, sannan ya guje shi ya koma wurin budurwarsa Hella. Yana ba da labarin ne a daren da za a wayi gari a zartar wa Giovanni hukuncin kisa. Baldwin bai ɗora laifin halakar a kan soyayyar namiji da namiji ba. Ya ɗora shi a kan tsoro da yaudarar kai. Wannan darasi ne Garth Greenwell ya bi a What Belongs to You na 2016, inda wani malami Ba'amurke a Sofiya ke auna kansa da ma'aunin da ba ya sassauci.

A ganina, kowane rukuni ya yi asarar rabin gādon. Baldwin bai raba tambayoyin biyu ba. A wurinsa, farar fatar da ke ƙin duban tarihinta da David da ke ƙin duban zuciyarsa ciwo ɗaya ke damunsu: gudun gaskiya domin a zauna lafiya. Shi ya sa harin da Eldridge Cleaver ya kai masa a Soul on Ice a 1968, yana mai sukar halittarsa, ya kauce wa ainihin saƙon.

Wanda ya fi kusantar cikakken gādon shi ne Randall Kenan. A cikin A Visitation of Spirits na 1989, matashi Horace Cross yana fama da launin fata da coci da sha'awarsa a lokaci guda, kuma babu wanda za a cire a bar sauran. Duk mai son auna tasirin Baldwin, daga irin wannan littafi ya kamata ya fara.